Tsamiyata ta cika tukunya, in sauya mata ƙasa yanzu ko in jira ruwa ya sauka?

Ɗan_Domayo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Dan Allah masu harkar bonsai, wato rainon bishiya 'yar ƙarama a tukunya, ku taimaka min da shawara don wallahi raina ya kasu biyu.

Ina da wata 'yar tsamiya da na shuka daga ƙwallo, in Allah ya kai mu damina shekararta biyar kenan, ƙwallon ma a gindin tsamiyar ƙofar gidan kakanmu na tsinto shi, kuma ita uwar an sare ta lokacin da aka faɗaɗa hanya, to kun ga ba abin da zan so in yi ganganci da shi bane. Tun tana 'yar ƙarama take cikin wani bokitin fenti na roba da na huda wa gindi, ban taɓa sauya mata ƙasa ba ko sau ɗaya. Tsawonta zai kai kamu ɗaya da ɗan ɗoriya, gindin kuma kaurin babban yatsan hannu. Abin da ya tayar min da hankali tun cikin hunturu shine in na zuba ruwa baya shiga, sai ya kwanta a sama ko ya bi ta gefen bokitin ya zube, ƙasar tayi tauri kamar daɓe, saiwoyi sun leƙo ta hudar ƙasa har sun kama tsakar gida, ganyen kuma sai rawaya-rawaya yake yi yana kaɗewa.

Bidiyon da nake kallo a YouTube, na Faransawa da na mutanen Japan, duk bakinsu ɗaya, wai a printemps ake sauya tukunya, Maris zuwa Afirilu. Na duba fassarar kalmar a waya ta ce min bazara. To bara na bi maganar, ina da wata magarya da na tono a bakin mayo, wato kogi, na yi shekara biyu ina rainonta, tsakiyar Maris na fitar da ita na rage saiwoyin na sa ta a kasko mara zurfi kamar yadda na ga ana yi, ko kwana goma bata yi ba ganyen ya bushe ƙamas a jikinta, na kankare ɓawon da farce ban ga kore ba. Har yau abin na min ciwo.

Yanzu ga Maris ya sake zagayowa. In na bar tsamiyar ina tsoron ta shaƙe kafin ruwa, in na taɓa ta ina tsoron abin da ya samu magaryar. Ya kuke yi a nan ƙasarmu? Kuma wace ƙasa zan sa mata tunda wannan akadama da suke ta faɗa ban taɓa ganinta da idona ba a Marwa.

Mai_Lambu_Yelwa

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka taɓa ta yanzu, wannan na fara faɗa maka kafin komai.

Fassarar nan ita ta cuce ka, kuma ba kai kaɗai ba. Abin da suke kira printemps lokaci ne da ƙasarsu ke fitowa daga sanyi mai tsanani, itace yayi wata uku ko huɗu yana barci, rana ta fara ɗumi a hankali, iska da laima, toho ya fara kumbura amma bai buɗe ba. A wannan ɗan tsakanin suke yanke saiwa saboda itacen na shirin tashi da ƙarfinsa duka, kuma babu ganye mai yawa da zai nemi ruwa. Mu kuwa bazararmu ai wuta ce. Nan Garwa Maris da Afirilu zafi na haura digiri 40, ku ma Marwa haka, iska busasshiya, ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Saiwoyin da ke shan ruwa ba manyan nan bane masu kauri, 'yan sirara ne kamar gashi da ke can ƙarshe, su ne kuma almakashi ke fara ɗaukewa. To ka cire wa itace bakin shan ruwa sannan ka ajiye shi a iskar Maris, ganye na fitar da ruwa saiwa bata mayarwa, shi yasa magaryarka ta bushe da ganyenta a jiki bata ma samu damar zubar da shi ba.

Su kansu mutanen Japan ba wata suke kallo ba, toho suke kallo. Mu ma sai mu kalli namu. Lokacinmu shine in iska ta juyo, ka ji ta da nauyi da laima, dare ya fara gumi, hadari na haɗuwa da yamma, tsamiya ta fara fitar da sabon ganye mai ɗan ja-ja ɗin nan. Kuma kar ruwan farko ya ruɗe ka, kowane manomi ya san ana yin ruwa ɗaya mai kyau sannan a ɗauke sati biyu ko uku rana ta dawo da fushi. Ka jira irin ruwan da manoma ke yarda su yi shuka da shi, na biyu ko na uku da suka biyo juna. Ni a nan yawanci tsakiyar Mayu zuwa ƙarshensa nake fara nawa, ku kuma da kuke arewa da mu ruwanku na makara, ka sa ranka a Yuni.

Kafin nan ba zata mutu ba in sha Allahu, tsamiya ai mai haƙuri ce. Ka samu tsinken ƙarfe ko dogon ƙusa ka soka ƙasar wuri goma ko fiye har ƙasa, sannan maimakon zuba ruwa ta sama ka riƙa tsoma bokitin gaba ɗaya cikin babban baho da ruwa, ka bar shi har kumfar iska ta daina fitowa, ka ɗaga ya tsane. Ka matsar da ita inda zata samu ranar safe kawai, daga ƙarfe goma sha ɗaya inuwa. Wannan saiwar da ta shiga tsakar gida, in ka riga ka tsinke ta wajen ɗagawa to da alama har da ita a rawayar da ganyen ke yi, don ta can take samun sanyin ƙasa.

Maganar akadama ka cire ta a ranka. Jar ƙasa ce ta dutse mai aman wuta da ake haƙowa a Japan a busar ta zama ƙwaya-ƙwaya, amfaninta kawai tana riƙe ruwa a cikin ƙwayar amma tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai iska. Wannan aikin jan bulo ƙonanne na yinsa. Ka je inda ake gini ka roƙi fasassun, ko fasasshen tulu da kasko wajen masu tukwane, ka daka a hankali ka tankaɗe da rariya, wanda ya kai girman ƙwayar dawa zuwa ƙwayar wake shi kake so, garin kuma ka zubar don shi ke toshe tukunya. Ni nakan haɗa kashi biyu na bulon, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, ba rairayin nan mai laushi ba, kai da kake da Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga a bushe a gabanka ai baka da matsalar yashi, ka tona inda ruwa ke karya kwana nan manyan ƙwaya ke taruwa, sai kashi ɗaya tsohon taki da ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa, da ɗan gutsattsarin gawayi. Abin da zan roƙe ka kar ka sa baƙar lakar karal ɗin nan ta gonar masakwa, a gona albarka ce amma a tukunya in ta jiƙe sai ta riƙe ruwa saiwa ta ruɓe, in ta bushe ta tsage ta tsinka saiwoyin.

Ranar aikin ka yi shi da yamma bayan la'asar, a inuwa, komai a shirye kafin ka fitar da ita. Tsaga bokitin da wuƙa ya fi ka ja ta da ƙarfi. Ka warware saiwoyin da tsinke daga waje zuwa ciki kana yayyafa ruwa, waɗanda suka zagaye bokitin kamar gammo ka datse su. Zaka tarar da uwar saiwa mai kauri ta miƙe ƙasa ta lanƙwashe, haka tsamiya take, to kar ka cire ta duka a karo ɗaya, ka dubi inda ƙananan saiwoyi suka fito a jikinta ka yanke ƙasa da nan, sauran sai bayan shekara biyu. Gaba ɗaya kar abin da zaka cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Bayan nan inuwa mai haske sati biyu zuwa uku, ba taki ko kaɗan sai ta yi wata ɗaya kuma ka ga sabon toho.

Maman_Fure_Ngaundere

Sannu Baba, Allah ya ƙara sani. Ni dai ƙari zan yi don kar wanda ke wajenmu ya karanta ya ɗauka dole sai Yuni. Nan Ngaundere muna kan tudu, sama da mita 1000, zafinmu bai kai naku ba kuma ruwa na fara mana tun ƙarshen Maris ko cikin Afirilu, to ni cediyoyina a Afirilu nake sauya musu kuma lafiya lau. Namu ciwon kan shine yawan ruwan Yuli da Agusta, kwana da kwanaki ana yi ba rana, shi yasa nake rage takin in ƙara tsakuwa, kuma tukwanen basa zama a ƙasa, kan bulo biyu nake ɗora su hudar ta samu iska.

Ƙanena, abu ɗaya da nake ganin ya haɗu da zafin ya kashe magaryarka shine kaskon nan mara zurfi. A hoto yana da kyau, amma itacen da ake sawa a ciki ya riga ya gama girman gindinsa, shekaru ana rage masa saiwa kaɗan-kaɗan har ya saba. Tsamiyarka gindinta kaurin yatsa ne kawai, in ka matse ta a ƙaramin kasko yanzu haka zata zauna siririya shekara da shekaru. Ka nemo abu mai faɗi, tsohon baho ko kwandon roba mai huji-huji irin na wanke kayan miya, zurfin kamar taƙi ɗaya, ka shimfiɗa guntun tsohon gidan sauro a ƙasa don kar ƙasar ta zube. A can ƙarƙashin gindin ka sa fasasshen tayil ko faffaɗan dutse, saiwoyin sai su riƙa tafiya gefe maimakon ƙasa, nan gaba su ne ke ba gindin wannan kamannin na tsohuwar bishiya da ta dafe ƙasa da yatsu. Kuma ka ɗaure ta da waya ta cikin hudar kwandon kar ta riƙa motsi, iskar farkon damina a wajenku ba wasa bace, sabuwar saiwa kuwa in ana girgiza ta tsinkewa take.

Takin ma ka duba shi da kyau. Na taɓa ɗebo na shanu ban tankaɗe ba, ashe da gwazarma a ciki, wata biyu ina ganin durumina yana yaushi ina ƙara ruwa, da na juye tukunyar guda bakwai na ƙirga sun cinye 'yan saiwoyin tas. Tun daga nan nake shanya taki a rana kan kwano kwana uku in tankaɗe kafin ya shiga tukunyata.

In kana son wadda zaka koyi hannu a kanta ba da fargaba ba ka samu reshen cediya ka dasa da damina, ai ka san yadda take, ko turke aka kafa da ita sai ya tsira. A kanta zaka koyi yanka da lanƙwasa, tsamiyar kakanku kuma ka riƙa bi da ita a hankali.

Bakin_Shari

Salam daga Injamena. Mu nan mun fi ku duka jira, ni bana taɓa tsamiya ko bagaruwa sai ƙarshen Yuni wani lokacin har Yuli ya kama. Amma akwai waɗanda basa bin wannan dokar kuma gara a faɗa tunda nasan da yawa a nan da su suka fara.

Kuka da kariya suna ajiye ruwa a jikinsu, basa tsoron bushewa, ruɓewa suke tsoro. Kuka tana zubar da ganye da rani ta zauna tsirara, to ita ana fitar da ita ne tun tana barcin, gab da ta fara toho, kamar cikin Mayu, a yanke abin da za a yanke, a ajiye ta a inuwa kwana uku zuwa sati ɗaya ba ƙasa ba ruwa har bakin yankan ya bushe, a shafa masa toka ko garin gawayi, sannan a sa ta a busasshiyar ƙasa kuma a yi kwanaki kafin a bata ruwa. 'Yar kuka tana da saiwa mai kumburi kamar karas, in ka yanke ta ka dasa nan take ka zuba ruwa to cikin sati biyu gindin zai yi taushi ya fara wari. Kariya ma haka, sai dai ita ruwan jikinta dafi ne, da shi ake haɗa dafin kibiya a da, a wanke hannu da sabulu, kar ya shiga ido, kuma gutsattsarin da aka yanke kar a bar su inda yara ko awaki zasu samu.

Gawo kuma shi nasa a juye yake, da damina yake zubar da ganye ya fitar da sabo in kaka tayi, to wanda ke rainon gawo ya bi lokacin gawon. Amma gaskiya uwar saiwarsa doguwa ce ƙwarai, baya son tukunya, na gwada uku ɗaya ne ya rayu.

Abin da nake so in ƙara wa ɗan'uwa na Marwa shine zafin tukunyar kanta. Jiya da azahar na taɓa wata baƙar roba da ke kan siminti sai da na janye hannu, to ka yi tunanin saiwar da ke manne da ita ta ciki. Ka ɗauke bokitin daga kan siminti ka ɗora kan katako, ka naɗe shi da tsohon buhun algarara ka riƙa jiƙa shi, ko ka zura shi cikin tukunyar ƙasa da ta fi shi girma ka cika tsakanin da jiƙaƙƙen yashi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan ya tsirar min da itatuwa da yawa a Afirilu.

Ɗan_Domayo

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba gaskiya ne na tsinke saiwar nan wajen ɗagawa, wajen sati uku kenan, kuma daga nan ne rawayar ta ƙaru, ban haɗa su ba sai da ka faɗa. Yaya ta Ngaundere, kwandon akwai shi a gida, cediya ma akwai a ƙofar masallacin unguwarmu zan nemi izini in yanki reshe in ruwa ya zauna.

Saura maganar siffa. Ita tsamiyar ta miƙe ne sambal kamar sanda, rassa huɗu duk suna kallon sama, ni kuma so nake tayi kama da uwar, gajeren gindi da kai mai faɗi kamar lema wanda za a ce mutane na zama ƙarƙashinsa. Ran da zan sauya mata ƙasar zan iya datse kan in naɗa waya gaba ɗaya? Kuma wace waya, don wadda nake da ita ta ɗaurin rodi ce ta magina.

Mai_Lambu_Yelwa

A'a, kar ka haɗa mata biyu rana ɗaya. Ran sauya ƙasa abin da zaka iya yi shine rage dogayen rassan kaɗan don ganyen yayi daidai da saiwar da ta rage, shi kenan. Lanƙwasawa na girgiza gindi, saiwar kuma bata kama ba. Ka bata sati shida ko fiye, in ka ga sabon reshe ya miƙe taƙi guda to ta kama, wajen Agusta kenan a lissafinka.

Wayar magina ka barta, tana tsatsa ta ɓata ɓawo kuma bata naɗuwa da daɗi. Ka je wajen masu gyaran kuran, wato wutar lantarki, ka nemi guntayen kebur na alminiyam ka fere robar, shi ya fi sauƙi a hannu. In ta jan ƙarfe ka samu wajen masu naɗin injin, sa ta a garwashi har tayi ja ka bari ta huce, zata yi laushi, in ka naɗa kuma ta sake tauri ta riƙe reshen. Kaurin wayar kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Naɗin a karkace ake yi kamar yadda wake ke hawa karan dawa, ba a matse ba, waya ɗaya ta kama rassa biyu don kowane ya zama turken ɗan'uwansa. Reshen tsamiya in ya tsufa yana da tauri kuma karyewa yake ba gargaɗi, to masu ɗanyen jiki zaka lanƙwasa, da yatsu biyu a bayan gwiwar, kaɗan yau kaɗan bayan sati. Masu kaurin kuma ɗaura musu igiya ka ja su ƙasa ka ɗaure a bakin kwandon, ka sa guntun robar cikin tayar keke inda igiyar ta taɓa ɓawon.

Ga wani wurin da bidiyon zai sake ruɗarka. Zaka ji sun ce a bar waya wata shida ko shekara, wannan na itatuwansu ne masu jinkiri irin su pin, wani itace mai ganye kamar allura. Namu da damina kumbura suke kamar ana hura su, sati uku zuwa huɗu waya ta fara nutsewa cikin ɓawo, tabon kuma yana shekaru bai ɓace ba. Duk Juma'a ka duba, da ka ga ta fara cizo ka yanyanka ta da filaya gunduwa-gunduwa, kar ka warware.

Siffar lemar da kake so yawancinta ma almakashi ke yinta ba waya ba. Ka zaɓi inda kake son gindin ya tsaya, ka datse sama da wani reshe ko ido mai kallon waje, rassa biyu ko uku zasu fito su zama manyan hannuwa. Kowane ka bar shi yayi ganye shida ko takwas sai ka mayar da shi biyu, daga nan biyu zasu fito, su ma haka. Amma tunda kana son gindin yayi kauri ka bar reshe ɗaya na ƙasa ya tafi yadda yake so har shekara biyu, shi ke ciyar da gindin, daga baya ka cire shi. Akwai wani pin a Washinton da ake raino a tukunya tun 1625, yana Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945 ya tsira, aka ba Amurka kyautarsa a 1976, gida ɗaya ne suka yi ta miƙa wa juna shi daga uba zuwa ɗa. Naka shekara biyar, bana dai saiwa kawai zamu gyara, kan kuma a fara shi a Agusta in ta nuna ƙarfi, in bata nuna ba sai baɗi.

Ɗan_Domayo

To Baba na ji. Yanzun nan na soka ƙusar na tsoma ta a baho, kumfa ta fi minti goma tana fita, da na ɗaga bokitin nauyinsa ya kusa ninkawa, ashe duk ruwan da nake zubawa cikin a bushe yake. Na mayar da ita gindin katangar da ke kallon gabas kan katako na naɗe da buhu. Gobe in Allah ya yarda zan je neman fasassun bulo in fara daka. Gara fa, na ga tana yawo kusa da wurin, ƙafafun katakon in sa su cikin gwangwani da ruwa ko toka ta isa?